Azurfar Magadan Iskandar: Abin da Mai Tarawa Ke Saya, da Abin da Ke Ɓacewa a Hanya

A shekarar 1905, a kusa da garin Damanhur da ke arewacin Masar, aka tono wata dukiya da ta kwana a ƙasa fiye da shekara dubu biyu. Tsabar azurfa ce sama da 8,000, kusan kowace ɗauke da sunan Iskandar, sarkin Makidoniya. Wanda ya binne ta ya yi hakan ne wajen shekarar 318 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekara biyar kacal bayan rasuwar Iskandar a Babila, kuma bai dawo ya ɗauki kayansa ba. Kafin masana su ankara, dukiyar ta watse a hannun dillalai. Wani matashi ɗan Amurka mai suna Edward Newell, mai kuɗi kuma mai son tara irin waɗannan tsabobi, shi ya bi sawunsu, ya sayi abin da ya iya saya, ya rubuta bayanin waɗanda ya gani a hannun wasu. Da wannan aiki ya gano cewa yawancin abin da aka rubuta a da game da garuruwan da suka buga kuɗin Iskandar kuskure ne, ya gyara shi.

Duk gardamar da ake yi a yau kan tara tsabar azurfar sarakunan Girkawa tana cikin wannan labari. Kasuwa ce ta wargaza dukiyar, kuma ɗan kasuwar ne ya tattaro ilimin da ke cikinta. Wanda ya ce masu tarawa ɓarayin tarihi ne bai kalli Newell ba. Wanda kuma ya ce sha'awa ce kawai marar illa bai tambayi inda tsabar da ke hannunsa ta fito ba. Ni ina son waɗannan tsabobi, kuma saboda ina son su ne nake ganin dole a faɗi duka biyun.

Bari mu fara da sunan, domin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ma'aunin azurfar Girkawa shi ne dirakma. Daga gare shi Farisawa suka sami diram, Larabawa suka ce dirham, mu kuma muka ce dirhami, wanda kowane ɗalibin fiƙihu ya san 200 ɗinsa ne nisabin zakkar azurfa. Dirakmar da Iskandar ya zaɓa ita ce ta birnin Atina, mai nauyin giram 4.3. Amma tsabar da ta zama uwar kuɗi a daularsa ita ce mai dirakma huɗu, tetiradirakma, mai nauyin giram 17.2 na azurfa kusan zalla. A wancan zamani soja ko ƙwararren magini yakan sami kimanin dirakma ɗaya a wuni, don haka tsaba guda ta yi ladan kwana huɗu. Ba kuɗin cefane ba ne. Kuɗin biyan runduna ne, da haraji, da fatauci mai nisa, da ajiya.

Yadda ake buga ta shi ne mabuɗin komai. Ba inji. Mai zane zai sassaƙa hoto a juye a jikin wani guntun ƙarfe ko tagulla mai tauri, ya zama hatimi. A kafa hatimi ɗaya a cikin uwar maƙera, a ɗora dunƙulen azurfa da aka auna, a aza hatimi na biyu a kai, a sauke masaba. Shi ya sa ba a samun tsaba biyu da suka yi daidai sak: wata hoton ya karkace, wata gefenta ya tsage, wata an buga ta sau biyu. Hatimin sama, mai shan dukan masaba kai tsaye, ya fi saurin fashewa, sai a canza shi a bar na ƙasa. Idan na ƙasan ya gaji shi ma a canza shi, na saman na nan. To, wanda ya jera tsabobi dubu a gabansa zai iya bin wannan sarƙa: wannan da waccan hatimin fuska ɗaya suka sha, don haka maƙera ɗaya suka fito, kuma wadda tsagar hatimin ta fi faɗi a jikinta ita ce ƙanwa. Abin da Newell ya yi da dukiyar Damanhur ke nan. Aiki ne na haƙuri da ido, kuma ba ya yiwuwa sai tsabobin suna da yawa, kuma an san tare aka same su.

Yawan nasu yana da dalili. Sarakunan Farisa sun shekara kusan ɗari biyu suna tara zinariya da azurfa a taskokin Susa da Fasifolis. Da Iskandar ya ci daular, tsofaffin marubuta sun ce an tattara dukiyar da ta kai talanti 180,000 a birnin Ekbatana. Talanti ɗaya kusan kilo 26 ne na azurfa, wato dirakma 6,000. Wannan dukiya da ta daɗe a kulle aka narkar aka mayar kuɗi a gidajen bugu daga Amfifolis na Makidoniya zuwa Tarsus, Sidon, Babila da Masar. A shekarar 324 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ya sallami tsofaffin sojojinsa 10,000 su koma gida, kowanne ya sami kyautar talanti guda ban da albashinsa. Bayan rasuwarsa kuma kwamandojinsa suka shekara arba'in suna yaƙar juna da sojojin haya, waɗanda ba sa karɓar alkawari sai tsaba. An buga miliyoyi. Wannan ne ya sa har yau tetiradirakmar Iskandar ba ta da wuyar samu.

Sai dai sabon shiga yakan sha mamaki idan ya gane cewa tsabar da aka sayar masa da sunan Iskandar wataƙila Iskandar bai taɓa sanin da ita ba. Fuskar da ke gaba ma ta gwarzon Girkawa Hirakilis ce, sanye da fatar zaki a ka. A baya kuma Ziyus ne, babban abin bautarsu, zaune a karaga, mikiya a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, da rubutun Girkanci mai nufin “na Iskandar”. Mutane sun saba da wannan kama, sun amince da nauyinta, sai aka ci gaba da buga ta fiye da shekara ɗari biyu bayan mai sunan ya bar duniya, a garuruwan da wasunsu bai taɓa takawa ba, har bakin Baƙin Teku a Bulgeriya ta yau. Kakanninmu sun san irin wannan. Dalar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, wadda ta yi yawo a kasuwannin Kano da Kukawa a ƙarni na 19, duk ɗauke take da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, ko da kuwa an buga ta shekara ɗari bayan nan. Fatake ba su yarda a canza mata kama ba. Haka sojan haya da ɗan kasuwar wancan zamani suka riƙe tsabar Iskandar.

To yaya ake bambance su? Da 'yan ƙananan alamomi da harufa da ke gefen Ziyus ko ƙarƙashin karagarsa: fure, fitila, ankar jirgin ruwa, ƙudan zuma, ƙaho. Martin Price na gidan tarihin Birtaniya ya fitar da kundi a 1991 da ya jera nau'i kusan 4,000, kuma har yau da lambar Price ake kiran kowace tsaba a kasuwa. Masu tarawa suna da wata gajeriyar dabara: idan ƙafafun Ziyus suna jere, mai yiwuwa an buga ta Iskandar na raye, idan ya harɗe su, bayan ransa ne. Dabarar takan dace, amma ba kullum ba, kuma dillali mai gaskiya zai faɗa maka haka.

Inda abin ya fi daɗi a wajena shi ne lokacin da fuskokin mutane suka fara bayyana. Al'adar biranen Girka ita ce a sa abin bautarsu a jikin kuɗi, ba ɗan Adam mai rai ba. Magadan Iskandar suka karya wannan a hankali, da dabara. Batlamus, kwamandan Iskandar wanda ya riƙe Masar kuma ya karkatar da gawar Iskandar zuwa can, ya fara da sa fuskar marigayin sanye da fatar kan giwa, tunawa da yaƙin Indiya. Sai da ya ɗauki sunan sarki wajen shekarar 305 sannan ya sa tasa fuskar: tsoho mai zurfin ido da turarren haɓa, da ɗan siririn ƙyallen sarauta ɗaure a ka. Bai nemi a ƙawata shi ba. Dimitiriyus ɗan Antigonus ya sa wa kansa ƙahon bijimi. Shi kuwa Lisimakus, mai mulkin Tirakiya a gabas da Makidoniya, bai sa tasa ba sam. Ya sa fuskar Iskandar, ido a ɗage sama, gashi a watse, da ƙahon rago naɗe a kunne, kuma da yawa daga masu tarawa na ganin ba a taɓa zana Iskandar da kyau kamar a hatiman farko na wannan tsaba ba.

Wannan ƙaho alamar Amun ne, abin bautar da Iskandar ya ziyarci ɗakinsa a zangon Siwa da ke saharar Masar a shekarar 331. Mai karatu zai tuna da Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, kuma lalle akwai malaman tafsiri na da da suka danganta shi da Iskandar. Wasu manya kuma sun ƙi, da hujjar cewa Zulƙarnaini bawan Allah ne mai tauhidi, shi kuwa ɗan Makidoniya yana tare da gumakan mutanensa. Tsabar ba za ta raba wannan gardama ba. Abin da take nunawa kawai shi ne, tun shekara ɗari uku kafin Annabi Isa mutane daga Girka zuwa Farisa suna riƙe da hoton wani sarki mai ƙaho a aljihunsu.

Masar ta Batlamus ta yi wani abin da duk wanda ya taɓa fama da canji zai gane. Ya rage nauyin tetiradirakmarsa zuwa kusan giram 14.2, ya hana kuɗin waje yawo a ƙasarsa. Baƙon da ya zo sayen alkama dole ya kawo tsabarsa mai giram 17 a canza masa da marar nauyi, ribar ta shiga baitulmalin sarki. Akwai wata wasiƙa ta shekarar 258 da ta tsira a jikin takardar fafirus, inda wani jami'i ke kai ƙorafin fatake ga ministan kuɗi Afoloniyus kan tsaikon da ake samu wajen canza musu zinariyarsu. Jikokin Batlamus suka ci gaba da sa fuskar kakansu da mikiya tsaye a kan aradu har kusan ƙarshen gidan, shi ya sa gane wane Batlamus ne ya buga wace tsaba yake wahalar da ƙwararru ma. Zuwa zamanin Kiliyobatira, wadda ta rasu a shekarar 30 kafin haihuwar Annabi Isa, azurfar cikin tsabar ta ragu ƙwarai. Za ka iya ganin faɗuwar gidan sarauta a launin ƙarfen.

Gidan Salukus, wani kwamandan Iskandar da zuriyarsa ta mulki Sham da Iraƙi, kowane sarki da fuskarsa, don haka mai tarawa zai iya jera su kamar jerin sarakunan gari, yana ganin dogon hanci na bin zuriya, yana ganin kirari na ƙaruwa a daidai lokacin da ƙasa ke raguwa. Antiyokus na huɗu ya rubuta wa kansa “allah bayyananne” a jikin kuɗi. Mitiridatis na shida na Fontus, a arewacin Turkiyya ta yau, wanda ya yi ta gwabzawa da Rumawa har ya mutu a shekarar 63, yakan sa shekara har da wata a tsabarsa. Da wannan ne masanin Beljiyam François de Callataÿ ya nuna cewa bugun kuɗinsa yakan yi tashin gwauron zabo a watannin shirin yaƙi, ya lafa idan an sami sauƙi.

Amma babu inda tsaba ta yi wa tarihi aiki kamar Bakteriya, arewacin Afganistan na yau. Girkawan da aka bari a can sun ɓalle daga gidan Salukus wajen shekarar 250, suka kafa mulkinsu, daga baya suka tsallaka duwatsu zuwa Fanjab. Littattafan Girkawa da Rumawa sun ambaci kaɗan ne daga sarakunansu, a 'yan layuka. Tsaba kuwa ta ba mu suna da fuskar kusan arba'in. Kuma wace irin fuska! Yutidimus ya tsufa a jikin kuɗinsa, kumatu sun zubo, baki ya sunkuya. Antimakus na sanye da faffaɗar hular Makidoniya yana ɗan murmushi kamar wanda ya san wani sirri. Yukiratidis na cikin kwalkwalin yaƙi, kuma shi ne ya buga tsabar zinariya mafi girma da ta zo mana daga tsohuwar duniya, mai giram 169, wadda ke ajiye a Faris. Tsabar azurfa mafi girma ta Girkawa ma daga can take, ta wani sarki Amintas, kusan giram 85, a cikin dukiyar da aka tono a yankin Kunduz a 1946. Waɗanda suka yi mulki a Indiya kuma suka riƙa rubuta Girkanci a gaba, harshen ƙasa a baya da rubutun Karoshti, kuma wannan ne ya taimaka aka warware karatun rubutun a ƙarni na 19. Sarkin da babu littafin da ya ambace shi, idan ba a san inda ake tono tsabarsa da kuma tsabar wa ake samunta tare ba, to ba za a san inda ya yi mulki ko wa ya gada ba. Nan ne sha'awar mai tarawa da buƙatar masani ke karo.

Kasuwar kanta a bayyane take. Manyan gidajen gwanjo suna Amurka, Ingila, Jamus da Suwizalan, kuma yanzu kusan duk cinikin ta intanet ake yi. Dirakmar Iskandar da ta sha hannu ba ta fi ƙarfin ma'aikaci a Turai ba. Tetiradirakma mai kyau takan kai ɗaruruwan daloli. Ta sarkin da ya yi gajeren mulki, ko wadda ta fita daga hatimin gwanin mai zane, takan kai dubbai ko dubun dubbai. A kan farashin da aka buga ƙararrawa akwai la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi ashirin cikin ɗari. Nauyin azurfar ba shi ne kuɗin ba, domin giram 17 na azurfa ba wani abu ba ne. Ana biyan lafiyar tsaba, da kyan zane, da daidaituwar bugu, da ƙarancinta, da launin da shekaru suka ba ta a aljihun tebur ɗin wani. Tsabar da aka goge ta yi ƙyalli kamar sabon kwano ta rage daraja.

Jabu kuwa ya girmi kasuwar. Tun a zamanin sarakunan akwai masu lulluɓe tagulla da siririyar azurfa, shi ya sa za ka ga tsaba da sara a jikinta, inda wani ɗan canji ya datsa ya leƙa cikinta. Irin wannan tsohon jabu yau shi ma abin tarawa ne. Na baya-bayan nan ne abin tsoro. Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya rasu a 1830, ya sassaƙa hatimai da hannunsa da ƙwarewar da ta ruɗi manyan gidajen tarihi. Jabun zubi yana da sauƙin kamawa: akwai ɗinki a gefe, da 'yan ƙuraje na kumfa, zanen ya yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa, nauyi bai cika ba. Amma yanzu ana kwafar hatimi daga tsaba ta gaskiya, a buga a kan tsohuwar azurfa. Akwai kuma gyaran fuska, inda ake ɗaukar tsaba ta gaske da ta side a sake zana mata gashi da ido. Sikeli da gilashin ƙara girma suna taimako, sai dai abin da ya fi kare mai saye shi ne ya ga ɗaruruwan na gaskiya har idonsa ya saba, ya kuma sayi kaya wurin wanda ya yarda a dawo masa da shi ko bayan shekaru idan ya tabbata jabu ne.

Duk wannan asarar aljihu ce, kuma aljihu kan farfaɗo. Asarar da ba ta da magani ita ce irin ta Mir Zaka. Wani ƙauye ne a gabashin Afganistan, kusa da Gardez, inda aka fara samun tsabobi a wata maɓuɓɓuga a 1947. A 1992, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka sake faɗa wa wata ajiyar da ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Masani Osmund Bopearachchi ya ƙiyasta ta kai tan huɗu, tsaba fiye da rabin miliyan, ta Farisawa da Girkawa da Indiyawa da Kushanawa. Ya ga wani ɓangare nata buhu-buhu a kasuwar Feshawar a 1994. Ba wanda ya auna wurin, ba wanda ya rubuta me ke sama me ke ƙasa. 'Yan sari suka tsince masu kyau suka tura waje. A shekarun nan ne kuma aka wawashe ɗakin tsabobin gidan tarihin Kabul, aka mayar da kufan birnin Girkawa na Ai Kanum, wanda Faransawa suka tona tsakanin 1964 da 1978, fili mai ramuka kamar gidan gara. Mutanen da suka haƙa talakawa ne da yaƙi ya rutsa da su, kuma abin da ya shigo hannunsu bai kai ƙurar abin da aka samu a ƙarshen sarƙar ba.

Ga kuma labarin Gaza. A 2017 masunta suka tsamo manyan tsabobin Iskandar masu dirakma goma daga teku. Kafin nan kusan ashirin kawai aka sani a duniya. Ba a jima ba irinsu suka fara bayyana a gwanjon Turai da Amurka, da bayanin cewa daga tsohuwar ajiyar wani mai tarawa suke, har BBC ta yi bincike a kai. A 2023 shugaban wani gidan gwanjo na Landan ya amsa laifi a kotun New York cewa ya yi amfani da takardun asali na ƙarya, ciki har da na wata tsabar zinariya ta Burutus, ɗan siyasar Rumawa, da aka sayar a 2020 kan fiye da dala miliyan huɗu, wadda daga baya aka mayar wa ƙasar Girka. Abin lura a nan shi ne, tsabobin na gaskiya ne. Salsalar ce jabu.

Salsala ita ce kalmar da ta dace, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san nauyinta: wa ya karɓa daga wa, yaushe, kuma ina shaida. A 1970 hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana safarar kayan tarihi, kuma wannan shekara ta zama iyaka a idon gidajen tarihi da yawa: abin da aka tabbatar ya bar ƙasarsa kafin nan ana karɓa, wanda ya ɓullo daga baya ba takarda ana gudun sa. Girka, Turkiyya da Masar duk dokarsu ta ce abin da ke cikin ƙasa na hukuma ne. Amurka ta sa tsabobi cikin kayan Saifurus da ta taƙaita shigo da su a 2007, ta ƙara da wasu na Italiya da Girka a 2011. Jamus ta tsaurara tata dokar a 2016.

Masu tarawa suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Sun ce an buga tsabar nan ne don ta yi yawo, don haka tetiradirakmar Babila da aka tono a Bulgeriya ba a san ƙasar da za ta ce tata ce ba. Sun ce mutane na tara ta tun ƙarnuka da suka wuce, kuma ba wanda ya damu ya rubuta wa tsabar sule biyar takarda a 1930, don haka rashin takarda ba shaidar sata ba ne. Sun ce ɗakunan ajiyar gidajen tarihi cike suke da dubbai da ba mai kallo. Sukan kuma nuna Ingila, inda dokar 1996 ta ce wanda ya tsinci dukiya ya kai rahoto, idan gidan tarihi na so a biya shi da mai gona farashin kasuwa, idan ba ya so a mayar musu. A can ana rubuta wurin da aka sami abu, domin faɗin gaskiya na da riba. Na yarda da wannan hujja ta ƙarshe ƙwarai. Dokar da ta ce wa manomi ya miƙa tukunyar azurfa a ba shi godiya, ita ce ke tura shi wurin ɗan fasa-ƙwauri.

Amma hujjar ba ta wanke kowa ba. Idan tsabar wani sarki da a da ake ƙirga ta da yatsu ta ɓullo guda hamsin cikin shekara biyu, duk da ƙasa iri ɗaya a jikinsu, duk daga hatimi uku ko huɗu, kowa a kasuwar ya san sabuwar tukunya aka fasa. Jumlar nan ta “daga ajiyar wani mai tarawa a Turai” ba tare da suna ko shekara ba, ba salsala ba ce. Mu da aka kwashe mana gumakan yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna a shekarun 1990, aka bar masana na neman wurin da ba a taɓa ba don su san ko su wane ne suka ƙera su, bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba. Tsaba ɗaya a tafin hannu tana faɗin sunan sarki. Tukunya cikakkiya a inda aka binne ta tana faɗin shekarar da tsoro ya shigo garin, da inda fataken garin ke zuwa, da tsawon lokacin da kuɗi ke yi yana yawo kafin ya side.

Ra'ayina shi ne mai tarawa ya sa kuɗinsa a kan salsala kamar yadda yake sa su a kan kyan fuska. Ya fifita tsabar da hotonta ke cikin kundin gwanjo na shekaru sittin da suka wuce a kan wadda ta fi ta ƙyalli amma ba wanda ya san jiyanta, ko da ta fi tsada, kuma takan fi. Ya duba da kansa, domin tsofaffin kundaye da yawa suna intanet, kuma tunda babu tsaba biyu masu tsaga iri ɗaya, hoto kan tabbatar ko ya ƙaryata. Wanda burinsa ilimi ne ma ba sai ya sayi ko ɗaya ba: ƙungiyar masana tsaba ta Amurka, wadda Newell ya bar wa tarinsa na sama da 87,000, ta buɗe rumbuna kyauta, PELLA na kuɗin Iskandar da wasu na gidan Salukus da na Batlamus, inda ɗalibi a Zariya ko Damagaram zai iya jera hatimai a allon wayarsa. Wanda kuma ya riga ya mallaka, ya adana rasiɗi da 'yar takardar da tsohon mai ita ya rubuta da hannunsa, ya ƙara tasa, ya nuna wa magadansa inda suke. Sau da yawa a ranar rabon gado ne ake zubar da waɗannan takardu a kai azurfar kasuwa ita kaɗai.